Tambaya: wane ne Thomas Spalding, baturen da ya mallaki Bilali a tsibirin Sapelo?

Maman_Hanifa:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Dan Allah masana tarihi ku taimaka min. Labarin Bilali Muhammad yana yawo sosai, bafulatanin nan na Timbo ta ƙasar Gini da aka kama aka sayar har ya ƙare a wani tsibiri a gaɓar tekun Amurka ya bar rubutu da Larabci, to ni duk inda na karanta sai a ce "ubangidansa Thomas Spalding" a wuce. Shi Spalding ɗin waye? daga ina iyayensa suka fito, ya aka yi mutum ɗaya ya mallaki tsibiri sukutum, kuma zuriyarsa suna nan har yanzu ko sun watse? Na kuma ga ana rubuta wai mutumin kirki ne mai kyautata wa bayinsa, gaskiya wannan maganar ta tsaya min a rai. Ina koyar da tarihi a sakandare, bana son in faɗa wa yara abin da ban fahimta ba.

Bazazzage:

Wa alaikumus salam Malama. Asalinsu mutanen Sikotland ne ta uwa da uba. Ubansa James Spalding daga yankin Perthshire ya fito, gidan kakanninsu a can ana kiransa Ashintully, shi ya sa ma daga baya Thomas ya sa wa gidansa na kusa da garin Darien suna Ashantilly. James ɗan kasuwa ne, yana ciniki da jajayen Indiyawa, yana da kantuna har cikin Florida shi da abokin cinikinsa Roger Kelsall. An haifi Thomas a 1774 a Frederica, tsibirin St. Simons, jihar Jojiya ta yanzu.

Amma ɓangaren uwa shi ne wanda nake so ki riƙe da kyau. Uwarsa Margery McIntosh jikar John Mohr McIntosh ce, jagoran mutanen tsaunukan Sikotland da suka kafa Darien a 1736. A lokacin doka ta hana riƙe bayi a Jojiya, wasu turawa na garin Savannah suka matsa a ɗage dokar, sai mutanen Darien su 18 suka rubuta takardar koke a 1739 suna cewa kar a kawo bayi, har suka ce abin ƙyama ne ga ɗan Adam a yanke wa wasu mutane da zuriyarsu hukuncin bauta ta har abada. John Mohr yana cikin masu sa hannu. An ɗage dokar a 1751, kuma tattaɓa-kunnen mutumin nan shi ne ya zo ya mallaki bayi sama da 300. Saboda haka duk wanda zai ce miki ai a zamanin ba a san bauta laifi ba ce, ki nuna masa wannan, a cikin gidansu aka faɗa shekara 35 kafin a haife shi.

Da aka yi yaƙin neman 'yancin Amurka James ya goyi bayan sarkin Ingila, dole suka gudu Florida, dukiya ta lalace, bayan yaƙi suka dawo St. Simons kusan hannu rabbana. Shi kuma Kelsall ya tafi Bahamas, daga can ya aiko wa James da irin wata auduga wajen 1786, to wannan irin shi ya sake tada gidan. James ya mutu a 1794. Thomas ya karanci lauya, a 1795 ya auri Sarah Leake, 'ya ɗaya tilo ga Richard Leake wanda shi ma babban manomin auduga ne mai bayi. Surukin ne ya fara cinikin kudancin Sapelo, ya mutu a 1802 ba a ƙarasa ba, Thomas ya ƙarasa, eka wajen 4,000. Daga nan ya dinga saye yana ƙarawa har zuwa 1843 kusan duk tsibirin ya zama nasa, tsibirin da ya kai eka 16,000. Ya yi majalisar wakilai ta ƙasa 1805 zuwa 1806, yana cikin waɗanda suka kafa bankin Darien a 1818. Sun haifi 'ya'ya 16 shi da Sarah, mafi yawansu sun riga iyayen mutuwa. Sarah ta mutu 1843, shi kuma a Janairun 1851, a shekarar aka sa wa wata ƙaramar hukuma a Jojiya sunansa, har gobe Spalding ake kiranta.

Dan_Funtuwa:

Malam Bazazzage Allah ya ƙara basira. Bari in ɗan tsoma baki ta ɓangaren audugar tunda ita ce sana'ar gidanmu. Audugar tsibiran nan daban take da wadda ake nomawa a cikin ƙasa, silinta dogo ne yana kai inci ɗaya da rabi zuwa biyu, ga laushi ga ƙyalli, guryar kuma baƙa ce sumul bata manne wa kaɗar. Masaƙun Ingila suna sayenta ninkin ba ninkin na ta gama-gari saboda ita ake yin zare mafi siranta da ita. Sai dai wahalarta ta fi kuɗinta yawa, kuma ba mai gonar ke shan wahalar ba. Bata nuna lokaci ɗaya, sai a yi ta komawa gona ana tsinka tun ƙarshen damina har sanyi ya shiga, ba a sa ta a inji mai haƙoran zarto don zai tsinke silin, sai mai abin murzawa wanda ake takawa da ƙafa, bayan an gurza kuma mata su zauna su bi ta da hannu suna cire ɗan datti da gutsuren gurya ɗaya bayan ɗaya. Taki kuwa laka ce ta fadamar bakin teku, mutane ke shiga cikin taɓo su ɗebo a kwando su kai gona. Ga sauro ga zazzaɓi. Ƙwaro ne ya zo ya gama da ita wajen 1920. Spalding bai tsaya kan auduga kaɗai ba, ya noma rake har ya gina injin matse shi a 1809.

Abu_Sadiq:

Ni dai a ganina a yi wa mutumin adalci. Ya bar Bilali yana sallarsa yana azuminsa da Alƙur'aninsa, ya naɗa shi sarkin gandu a kan ɗaruruwan mutane ba tare da ya ɗora masa bature a kai ba, kuma an ruwaito lokacin yaƙin 1812 da Ingila ya raba wa bayi wajen 80 bindigogi Bilali na jagorantarsu don tsare tsibirin. Wanda yake zaluntar mutane ai ba zai miƙa musu bindiga ba. Sannan an ce ba ya son sayar da bawa ya raba shi da iyalinsa. In aka gwada shi da sauran na zamaninsa ya fi su.

Hajiya_Yagana:

Abu Sadiq ɗana, na ji ka, kuma ban ƙaryata ko ɗaya daga abin da ka lissafa ba. Amma ka duba tsarin aikin. Kowane bawa ana yanka masa aikin yini, yawanci rubu'in eka na noma, in ya gama sauran yinin nasa ne ya je ya duba 'yar gonarsa da kajinsa, kusan yadda kakanninmu ke ba da labarin bayin rinji, a yi aikin gandu da safe da yamma mutum ya koma gayaunarsa. Wannan ba Spalding ya ƙirƙiro ba, haka ake yi a duk gaɓar tekun, kuma masu gonakin sun gane riba ce gare su don bawan da ke ciyar da kansa ya rage musu kashe kuɗi, wanda yake da mata da 'ya'ya a wuri kuma ba ya saurin gudu. Maganar bindiga kuma, a farkon 1815 da sojan Ingila suka sauka a tsibiran da ke maƙwabtaka suka ce duk bawan da ya biyo su ya 'yantu, daga gonakin wani mai bayi Pierce Butler kaɗai mutum 138 suka bi su. Sojan basu sauka Sapelo ba, don haka mutanen can ba a taɓa ba su wannan zaɓin ba balle a ce sun ƙi.

Ni abin da ya fi ci min rai shi ne takardu. Gidan Spalding an san ranar haihuwar kowa, wa ya auri wa, har sunan gidan kakanninsu a Sikotland. A ƙidayar 1850 da 1860 kuwa bayi ba a rubuta sunayensu, sai sunan mai su a sama, a ƙasa a jera shekaru da jinsi da launin fata. Sai a 1870 aka fara rubuta su da suna. In ubangida ya mutu a raba su cikin gado tare da shanu da kujeru. Spalding har ƙarshen ransa mai kare bauta ne, wata ɗaya kafin ya mutu shi ya shugabanci babban taron jihar a Milledgeville a Disambar 1850, inda Jojiya ta ce zata zauna cikin tarayya amma da sharaɗin a riƙa kamo bayin da suka gudu jihohin arewa ana dawo da su. Ni ba zan kira wannan kirki a gaban ɗalibai ba Maman Hanifa, ki faɗa musu abin da ya yi duka su auna da kansu.

Almajirin_Madabo:

Tunda an ambaci rubutun Bilali, akwai inda labarin ya biyo ta Kano, mutane da yawa basu sani ba. Rubutun shafi 13 ne, yanzu yana ɗakin karatu na Jami'ar Jojiya. Turawa sun daɗe suna zaton tarihin rayuwarsa ya rubuta. Sai wani bature mai nazarin harsuna Joseph Greenberg, wanda ya zo bincike ƙasar Kano wajen 1938 zuwa 1939, ya taho da kwafin ya nuna wa malamai. Da farko ya ba su wuya saboda haruffan sun cakuɗe har wasu suka ce aikin aljanu ne, daga baya aka gane akwai maganar alwala da kiran sallah da sallar kanta, Greenberg ya buga a 1940 cewa daga Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani aka ɗauko, Risalar da muke karantawa a zaure. Masu bincike na baya sun ce ba kwafi ba ne kai tsaye, abin da ya riƙe ne a ka daga karatun ƙuruciya. Ko ma dai wanne ne, yaro ne aka cire daga gaban malaminsa yana tsakiyar karatu, aka kai shi tsibiran Karebiyan ya yi shekaru yana noman auduga kafin a kawo shi Sapelo wajen 1802, ya rayu har wajen 1857. Cikin 'ya'yansa mata akwai Fatima da Madina da Bintu da Margaret da Hester da Charlotte. Allah ya jiƙansa da rahama.

Maman_Hanifa:

Amin ya Allah. Na gode ƙwarai iyayena da yayyena, Hajiya maganar ƙidayar nan wallahi ta girgiza ni. Saura tambayata ta ƙarshe, ina zuriyar Spalding ɗin suke, tsibirin a hannun wa yake yanzu?

Zango_Boy_Atlanta:

Anti ni a Jojiya nake zaune kuma na je wurin. Babu gada, jirgin fito ake shiga daga wani wuri Meridian, kuma ba a barin mutum ya hau haka kawai sai da rajistar yawon buɗe ido ko wani mazaunin can ya gayyace ka. Bangon injin raken yana nan tsaye, in ka matsa kusa zaka ga ɓawon kawa zube cikin ginin ko ina, don da shi aka yi, a ƙona wani ya zama kamar siminti a cuɗa da yashi da ruwa da sauran ɓawon a zuba cikin katako layi layi, in ka shafa yana kartar hannu. Haka bayi suka gina masa babban gidansa tsakanin 1807 da 1810.

Gidan Spalding bai daɗe ba bayan tsohon. Ɗansa Randolph ya ci gaba da riƙe gonakin, da yaƙin basasa ya ɓarke a 1861 aka kwashe bayin aka kai su can cikin ƙasa wajen Milledgeville don kar su faɗa hannun sojan arewa, Randolph ya mutu 1862, babban gidan ya zama kango. Bayan yaƙi mutanen suka dawo, da yawa a ƙafa, tafiya mai nisan gaske. Janar Sherman na sojan arewa ya ba da umarni a Janairun 1865 a raba wa 'yantattu filayen tsibiran, kafin shekara ta zagayo shugaba Andrew Johnson ya soke aka mayar wa tsofaffin masu su. Duk da haka basu tafi ba, suka kafa cocinsu a 1866, a 1871 wasu daga cikinsu suka haɗa kuɗi suka sayi eka wajen 1,000 a Raccoon Bluff. Jikokin Spalding sun yi ta fama da noma da kiwo abin ya ƙi, suka dinga sayarwa, a 1912 wani mai kamfanin mota daga Detroit Howard Coffin ya saye kusan duka, a 1934 ya koma hannun R.J. Reynolds ƙarami magajin kamfanin taba. Shi ne ya matsa wa baƙaƙen fata da musayar fili har ƙauyukansu suka tashi aka tattara su wuri ɗaya, Hog Hammock, eka 434. Gwamnatin jiha ta saya a 1969 da 1976, yanzu kashi 97 cikin ɗari nata ne.

Jikokin bayin, waɗanda ake kira Gullah Geechee, su ne har yau suke zaune a can amma basu kai 50 ba, kuma da yawansu suna kai nasabarsu ga Bilali ta wajen 'ya'yansa mata, irin su marigayiya Cornelia Walker Bailey wadda ta rasu 2017 tana fafutukar kare filin. Kiristoci ne yanzu. Matsalarsu ta yau haraji ce, masu kuɗi suna sayen fili suna gina gidajen hutu, kuɗin ƙasa ya yi tsalle a 2012 har sai da aka je kotu, a 2023 kuma hukumar yankin McIntosh ta yarda a riƙa gina gidaje ninki biyu na girman da aka saba, abin da aka ji tsoron zai ƙara tada harajin. Sannan ranar 19 ga Oktoba 2024 gadar hawa jirgin fiton ta karye ana tashi daga bikin al'adunsu na shekara, mutum 7 suka mutu, duk dattawa ne da suka zo ziyara. In zaki koya wa yara ki haɗa musu da taswira Anti, tsibirin yana kudu da Savannah, tsakaninta da St. Simons inda aka haifi Spalding ɗin.