Wace kalmar Turanci ta ƙuna ko zafi ce ta taɓa rikita ku?

Maman 'Yan Biyu, Gusau

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata biyu ke nan da faruwar abin, sai yanzu hankalina ya kwanta har nake iya ba da labari. Da safe na dama kunun gyaɗa na ajiye a ƙasa, na juya in ɗauko kofi, ashe Hassana ta rarrafo. Kafin in waiga ta jawo kwanon, kunun ya kwarara a cinyarta.

A asibiti likita ya rubuta "scald" a katinta. Na yi sakandare, na san "burn", amma wannan ban taɓa cin karo da ita ba. Zuciyata ta raya mini wata cutar fata ce daban aka gano. Na zauna a benci riƙe da kati ina hawaye, nauyin baki ya hana ni tambaya. Sai da wata nas ta lura da ni ta ce, "Maman yara, ai ƙunar ruwan zafi ce kawai." Ashe Turawa sun raba ƙuna biyu: ta wuta ko ƙarfe mai zafi "burn", ta ruwan zafi ko tururi ko shayi "scald". Mu kuwa duk ƙuna muke cewa.

Rabin awar nan da na yi a benci ba zan manta da ita ba. Shi ya sa nake roƙon duk wanda irin wannan ta taɓa samu ya ba mu labari, ko wata uwar ta huta da irin fargabar da na sha.

Nas daga Zariya

Wa alaikumus salam. Sannu Maman 'Yan Biyu, Allah ya ƙara mata sauƙi. Ni shekarata goma sha ɗaya a ɗakin gaggawa, kuma wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce maganar "degree".

An taɓa kawo mana yaro da ya faɗa cikin garwashin murhu. Likita ya duba ya ce "third-degree". Na ga mahaifin ya ɗaga hannu yana hamdala. Na matsa na ce, "Baba, me aka ce maka?" Ya ce ai tunda na uku ne da sauƙi, na ɗaya ne abin tsoro, ga shi ma yaron ba ya kuka sosai. Shi lissafin jarrabawa ya yi, inda na ɗaya ke gaba. Wallahi sai da na haɗiye yawu kafin na iya yi masa bayani.

A ƙuna lissafin hawa yake yi. "First-degree" ita ce mafi sauƙi: fata ta yi ja, tana raɗaɗi, ba ta tashi ba. "Second-degree" ta ratsa ƙasa kaɗan, ita ce mai yin bororo, wanda suke kira "blister", kuma ita ta fi azabar zafi. "Third-degree" ta cinye kaurin fatar duka. Wurin kan yi fari fat ko baƙi, ya bushe kamar ƙirgi, kuma sau da yawa ba ya ciwo saboda jijiyoyin da ke kai saƙon ciwo su ma sun ƙone. Wato shirun yaron nan da uban ya ɗauka alheri ne, shi ne babbar alamar haɗari. Yanzu likitoci da yawa sun koma rubuta "superficial", "partial thickness" da "full thickness". Idan kuka ga ta ƙarshen, ita ce ta ukun nan.

Tunda bakina ya buɗe, ku yi mini haƙuri in ƙara. Don Allah a daina shafa man goge baki, da ɗanyen ƙwai, da manja, da baƙin mai. Duk sai mun kankare su kafin mu ga ciwon, yaro yana ihu. A sa wurin ƙarƙashin ruwa mai sanyi yana zuba har minti 20, ba ƙanƙara ba. A cire zobe da awarwaro tun kafin kumburi, kar a ɓanɓare tufar da ta manne, kar a fasa bororo.

Ɗalibi daga Kano

Anti Nas, ni kuma kalmarmu ce ta kayar da ni, wato "zafi". Na raka kakata wurin wani likita ɗan Indiya, ni ne tafinta. Ta ce, "Ƙirjina ke mini zafi, musamman da dare." Na ce masa "her chest is hot". Ya taɓa goshinta, ya sa abin awon zafin jiki, ya ce 37 ne, babu zazzaɓi. Har ya fara rubuta mata maganin ƙarin jini, sai ma'aikaciyar da ke tsaye ta tambayi Kaka da Hausa, "Iya, zafin ciwo, ko zafin wuta, ko kamar yaji yana taso miki?" Kaka ta ce yana tasowa har maƙogwaro, da ɗaci-ɗaci. Matar ta ce masa "burning". Nan take fuskarsa ta canza, ya sa aka yi mata gwajin zuciya, don ciwon zuciya ma kan zo da wannan kama. Da ya ga lafiya lau sai ya ce "heartburn".

Ni jin haka sai gabana ya faɗi, na ɗauka zuciyarta ce ke ƙonewa. Ashe ƙwannafi ne, ruwan tsamin ciki ke tasowa ta hanyar abinci, babu ruwan zuciya a ciki sam.

Tun ranar na gane zafinmu ɗaya Turanci ya yanka shi gida-gida. Na rana da na wuta "heat". Na ciwo "pain". Mai raɗaɗi irin na fitsari "burning". Zafin jiki "fever". Barkono kuma mu mun ware masa yaji, su sun haɗa shi da zafin wuta sun ce "hot". Duk wanda zai yi wa mara lafiya tafinta, ya fara tambayarsa wane irin zafi.

Mai shagon fenti, Kaduna

Ni tawa saura ƙiris ta zama gobara. A makaranta an koya mana "in" a farkon kalma tana kore ma'ana: "correct" da "incorrect", "complete" da "incomplete". Da na fara zaman shagon maigidana, aka kawo galan-galan na tina, ruwan da ake tsinka fenti da shi, wasu an rubuta "flammable", wasu "inflammable". Sai na ware masu "flammable" na kai can ƙurya, masu "inflammable" kuma na jera su bakin ƙofa kusa da janareto, inda yara ke ɗora risho su dafa shayi. A ganina su ne ba sa kamawa.

Kwana uku suna nan. Rana ta huɗu Alhaji ya shigo, ya tsaya cak, bai ce uffan ba ya je ya kashe janareton da hannunsa. Sannan ya kira ni gefe ya ce, "Yaro, duk biyun abu ɗaya suke nufi, mai saurin kama wuta." Jikina ya yi ta rawa har azahar. Daga baya na bincika: wannan "in" ɗin ta Latin ce, ta cusa abu cikin wuta, ba ta korewa ba. Wanda ba ya kamawa "non-flammable" ake rubuta masa. Saboda irin kuskurena ne ma masu kula da kariyar gobara suka fi son a rubuta "flammable" kawai.

Direba daga Maraɗi

Malam mai fenti, mu nan Nijar wannan ba ta ruɗa mu, don Faransanci "inflammable" ɗin ita kaɗai gare shi, ita ce a jikin kowace tankar mai. Sai da na fara shiga Najeriya na ga "highly flammable" na tsaya ina tunanin ko sun manta haruffa ne. Abin da nake gaya wa yaran mota shi ne su bar karatun, su duba alama: jan murabba'i a karkace, da hoton harshen wuta, da lamba 3 a ƙasa, ruwa ne mai kamawa. Idan an rubuta 1203, fetur ne. Tun abin da ya faru a Majiya ta Jigawa a watan Oktoban 2024, inda mutum fiye da 150 suka rasu wajen tankar man da ta faɗi ta kama da wuta, ba na gajiya da maimaita musu. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Mai wanki da guga

Amin. Ni gajeriya ce. Wata riga an rubuta mata "cool iron", na ce ai dutse mai sanyi ba ya guga, na zuba gawayi na ɗora. Ta yi tabo ruwan ƙasa, ta yi sheƙi. Mai rigar ya ce na yi "scorch" ɗinta. Wato ƙunar sama-sama da ke canza launi ba tare da ta huda ba. "Cool iron" kuwa zafi kaɗan ake nufi. Yanzu hoton dutsen nake dubawa: ɗigo ɗaya zafi kaɗan, uku zafi sosai. Kuɗin guga na sati biyu ya tafi a biyan rigar.

Hajiya mai kek, Jos

Ni lamba ce ta cuce ni tare da kalma. Farkon fara sana'ata na samu bayanin haɗin kek daga wata Ba'amurkiya, ta ce a gasa a 350. Na duba oben ɗina na ga iyakarsa 250, na ce to bari in ƙure shi in ƙara lokaci. Kek na bikin ƙanwar mijina ya fito baƙi ƙirin a waje, ciki ɗanye. Ashe Amurkawa ma'aunin Fahrenheit suke amfani da shi, 350 nasu wajen 180 ne a namu na Celsius. Ruwan da ke tafasa a 100 wurinmu, 212 ne wurinsu. Wannan baƙin gawayin da ya yi shi ne "charred".

Sai "simmer". Na daɗe ina ɗauka tafasa ce, ina barin miya tana ɓararraka har ta kama. Ashe rage wuta ne, tukunya tana ɗan motsi ƙasa-ƙasa ba ta kai ga tafasa sosai ba, irin yadda ake barin farfesu ya dahu a hankali. Iyayenmu sun san wannan sarai, itace suke janyewa su bar garwashi. Sunan ne kawai ya zo mana baƙo.

Tsohon malamin makaranta, Katsina

Hajiya, kin taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Ina karanta ku ina jin kamar za a tafi da tunanin Turanci ya fi mu rarrabewa. Ba haka ba ne, kowa da inda ya sa wuƙarsa. Na shekara talatin ina koyarwa, kuma abin da ya fi yi mini aiki shi ne in ɗauko kalmar gida in ajiye kusa da baƙuwar. "Singe" ta gagari ɗalibaina, har ranar da na ce musu babbaka ce, irin ta kai da ƙafar rago ranar Sallah. Ba wanda ya sake faɗuwa a kanta. "Ember" garwashi. "Cauterize" lalas, wanda wanzamai da makiyaya suka sani tun kafin asibiti. "Smoulder" wutar da ke ci a ɓoye tana hayaƙi ba harshe, wutar ƙaiƙayi ke nan.

Kuma akwai inda mu muka fi su. Ƙauri kalma ɗaya ce, su sai sun ce "smell of burning". Ƙanzo sai sun haɗa kalma biyu ko uku. Rushi daban, toka daban. Gobara daban da wutar girki, su duk "fire" suke fara cewa. Yaran yanzu da yawa ba su san rushi ba, wannan ya fi damuna a kan rashin sanin "scald".

Alhaji daga Bauchi

Gaskiya ne Malam. Ni na yi aikin Hajjin 2024, wanda zafi ya kai 51.8 a Makka, hukumomin Saudiyya suka ce alhazai 1,301 sun rasu. Ana ta gargaɗi kan "heatstroke". Ni da na ji "stroke" sai na ɗauka shanyewar ɓarin jiki ce, ta masu hawan jini, na ce ba ta shafe mu ba.

A Mina, muna dawowa daga jifa, abokin tafiyata ya fara magana ba kan gado, yana kiran sunan ɗansa da ke gida, yana tangaɗi. Na taɓa shi, jikinsa kamar tanda. Na ce gajiya ce, ya zauna ya huta. Wani matashi a cikinmu da ya karanci aikin lafiya ya daka mini tsawa, bai duba furfurata ba, kuma na gode masa har gobe. Muka ja shi inuwa, muka yi ta kwara masa ruwa muna fifita, aka kira motar asibiti. Ya kwana biyu a kwance, Allah ya tashi kafaɗunsa.

Matashin ne ya bambance mini. "Heat exhaustion" galabaita ce: gumi, jiri, kasala, amma mutum na cikin hayyacinsa, inuwa da ruwan sha kan dawo da shi. "Heatstroke" kuwa zafin jiki ya kai 40 ko fiye, kai ya ruɗe, kuma tana kisa cikin ɗan lokaci. Ba sai a Makka ba, watan Afrilu a garuruwanmu ma ya isa, balle in ya haɗu da azumi.

Maman 'Yan Biyu, Gusau

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Anti Nas, tata "second-degree" ce, bororon ya faɗa, sabuwar fata ta fito jajir. Ni ma manja maƙwabciyata ta miƙo mini ranar, Allah ya sa ruwa na fara zubawa. Jiya mun koma asibiti, an rubuta a yi mata wanka da ruwa "lukewarm". Wannan karon ban bar wurin ba sai da na tambaya, aka ce mai ɗumi-ɗumi, in tsoma gwiwar hannuna in ji kafin in sa ta. Kunu kuma yanzu a kan kanta nake ajiye shi.