Makefile ɗinmu ya ƙi kowace kwamfuta sai guda

Ɗan Bagalam: Assalamu alaikum manya. Mu huɗu ne nan Maradi muke rubuta manhajar lissafin sito da C++, ga 'yan kasuwa masu sarin kaya daga Jibiya. Kod ya yi yawa, dosiye kan dosiye. A Ubuntu ɗina yana haɗuwa lafiya, a Windows ɗin abokina ya ƙi, ga wani mai sito yana son ta a ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi. Makefile, fayil ɗin da ke faɗin yadda za a haɗa kod ya zama manhaja, ya cika da "idan Linux ne, idan Windows ne". Mu gyara shi ko mu sake tsari?

Mushe na Zariya: Wa alaikumus salam ƙanena. Ciwon yana cikin "idan Linux ne" ɗin nan. Kada ka tambayi na'ura sunanta, tambaye ta abin da take da shi. Autoconf, kayan aikin shirya haɗin kod, tun 1991 haka yake yi: ya gwada ko fayil kaza yana nan, ko aiki kaza yana haɗuwa, sannan ya rubuta sakamakon a fayil ɗin config.h. Ku koma CMake, wani kayan aikin tsara haɗin kod; a cikinsa check_include_file da check_symbol_exists ke wannan aiki. Linux biyu ma ba ɗaya ba ne, laburaren C (tarin kod na tushe) nasu ya bambanta: Alpine da musl yake tafiya, Ubuntu da glibc. Kowane dosiye ya samu CMakeLists.txt nashi, ya faɗi abin da yake dogaro da shi ta target_link_libraries. Hanyar laburare kuwa kada a rubuta ta da hannu, find_package ya nemo. Raspberry Pi a ware masa fayil na CMAKE_TOOLCHAIN_FILE, mai faɗin kayan haɗin da suka dace da shi, ku haɗa a babbar kwamfuta ku kai masa.

Yaya ta Ali Ɗan Sofo: Mushe, a gafarce ni, ni Meson zan ce maimakon CMake. Rubutunsa ya fi karantuwa, manhajar ajiyar bayanai PostgreSQL ma ta ƙara shi a fitowa ta 16. Sai dai yana buƙatar Python.

Mushe na Zariya: Ba laifi, amma mai Windows zai fi jin daɗin CMake, manhajar rubuta kod ta Visual Studio tana buɗe shi kai tsaye.

Na Sabon Gari: Ku duba manyan baƙaƙe da ƙanana a sunayen fayil kuma. Windows ba ruwansa da Stock.h ko stock.h, Linux kuwa fayil biyu yake gani. Ku yi haɗin a dosiye daban, ku sa Ninja mai saurin haɗi da ccache mai ajiye abin da aka riga aka haɗa, in wutar kuran ta ɗauke ba za ku faro daga tushe ba.

Ɗan Bagalam: Madalla, Allah ya saka. Mushe, mu juya duka lokaci guda?

Mushe na Zariya: A'a. Faro da laburaren da bai dogara da kowa ba, tsohon Makefile ya zauna har sai CMake ya haɗa komai a na'urorin uku.