A ci gaba da karɓar ɗaliban fostin, ko a dakata?

Incaj (shugaban asibiti): Assalamu alaikum 'yan uwa. Zan faɗi abin da ke raina, wanda ya ji haushi ya yi haƙuri. Ɗaliban da makarantun kiwon lafiya ke turo mana fostin, wato koyon aiki a asibiti, nauyi ne a kanmu, ba taimako ba. Ranar Litinin na iso asibiti na tarar da yara 17 cikin fararen kaya, daga makarantu uku, kowa riƙe da logbuk, littafin da ake sa musu hannu a kan ayyukan da suka yi. Mu kuwa ma'aikata huɗu ne a ɗan asibitin sha-ka-tafi mai gado shida. Ni dai daga wannan zangon na rufe karɓa.

Sista Ungozoma: Wa alaikumus salam. Haba Incaj, tsakaninka da Allah, ranar rigakafi wa ke ɗora jarirai a sikeli? Wa ke cike kati? A wurinmu Talata mata sukan cika rumfa har waje, wata ta kawo ɗan sati shida, wata ɗan sati goma, wata na sha huɗu, duk allurar rigakafin Penta suke jira. Ba don yaran nan ba da sai la'asar zan tashi.

Incaj: Cike kati daban, koyon aiki daban, Sista. Kin dai samu hannun kyauta.

Malamin Makaranta: Ranka ya daɗe Incaj, kai ma a ina ka koya? Karatun CHEW, wato ma'aikacin lafiyar al'umma, shekara uku ne, na ƙaramin ma'aikaci, JCHEW, biyu, kuma hukumar CHPRBN da ke yi mana rajista ta sa aikin asibiti da na cikin al'umma a tsarin karatun. Zan iya zana wa yaro a allo cewa BCG, rigakafin tarin fuka, a cikin fata ake yi a damtse, Penta kuma a tsokar cinya. Amma ganin fatar ta ɗan taso kamar cizon sauro, da riƙe jariri yana wutsil-wutsil uwarsa na kallonka, wannan sai a wurinku. In kuka rufe ƙofa, nan da shekara biyu su ne za a ɗauka aiki a turo muku ba su taɓa neman jijiya ba.

Incaj: To Malam, tunda ka taɓo wurin. Sau nawa ka leƙo ka ga ɗalibanka? Takarda kawai ake aiko mana mai hatimi. Watan jiya wata yarinya ta miƙo min logbuk in sa hannu a kan haihuwa goma. Na ce wacce kika karɓa? Ta sunkuyar da kai. Ko aikin dare ɗaya ba ta taɓa yi ba, alhali yawancin haihuwarmu cikin dare take zuwa. Na ƙi sa hannu, ta fashe da kuka wai jarrabawa ta matso. Bayan kwana biyu na ga littafin cike da sa hannun wani. Wannan yarinyar gobe ita kaɗai za a bari da mai naƙuda a ƙauye.

Malamin Makaranta: Wannan kam ba ni da bakin karewa. Mu biyu ne ke zagayen duba ɗalibai, kuma ba a ba mu ko kuɗin mai.

Ɗaliba: Don Allah iyayenmu a ba ni dama. Mu ma ba daɗi muke ji ba. Safar hannu da kuɗinmu muke saye, kuɗin adaidaita kullum daga aljihun Baba. Satina uku a wani asibiti, abin da na yi shara da wankin kwanukan aiki da aiken sayo wa wata sista awara. Da na ce a nuna min awon ciki sai aka ce ba lokaci. Ranar da wata ta tsaya ta ɗora hannuna a kan ciki ta ce "kin ji kan nan?", wallahi na fi ƙaruwa a minti goman nan.

Baban Yara: Ni ba ma'aikacin lafiya ba ne, amma ina da ƙorafi. Maiɗakina ta je awo, aka shigo da ɗalibai bakwai har da maza biyu, ba wanda ya tambaye ta ko ta yarda. Tun daga ranar ta ce ita da awo sai dai a gida. Sai da na haɗa ta da yayarta ta koma.

Sista Ungozoma: Subhanallahi. Yaya, a ba ta haƙuri, haƙƙinta ne a nemi izininta, in ta ce a'a kuma a fita. Ni biyu nake shigarwa, mata, sai na fara gaya wa mai cikin.

Incaj: Kin ga kin dawo maganata. Biyu kika ce, ba 17 ba.

Sista Ungozoma: A'a, kai rufe ƙofa ka ce. Ni cewa nake a ƙayyade. Malam, turo min huɗu wannan zangon, biyu safe biyu dare, kuma abin da na gani da idona kaɗai zan sa wa hannu.

Malamin Makaranta: Na gode Sista. Sauran fa, ina zan kai su? Ajin ya haura mutum ɗari.

Incaj: Wannan tambayar wanda ya karɓi kuɗin makarantarsu za ka yi wa. Zan ɗauki uku, da sharaɗin in ga fuskarka duk ranar Alhamis. Kuɗin man farko ni zan biya.