An ce bangon zuciyata ya yi kauri: wa ya taɓa jin haka daga bakin likita?

Malamin makaranta, Mabera:
Assalamu alaikum. Shekara shida ke nan ina fama da hawan jini, amma sai a watan jiya, da numfashina ya fara sarƙewa idan na hau bene, aka tura ni hoton zuciya da ake kira eko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Likita ya juyo mini da allon na'urar, ya nuna bangon ɗakin hagu na ƙasa, wanda ke tura jini zuwa ga jiki duka, ya ce kaurinsa ya kai milimita 14, alhali na lafiyayye ba ya cika wuce 11. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne bai tsaya kan gishiri ba, sai da ya zagaya cikina da tef irin na tela, ya kuma rubuta gwajin suga. Me ya haɗa teɓa da zuciya?

Ma'aikacin jinya mai ritaya, Runjin Sambo:
Wa alaikumus salam, Malam. Ni ma an faɗa mini haka, kuma duk da shekarun da na yi ina auna jinin mutane, sai da gabana ya faɗi. Zuciya tsoka ce, idan ta daɗe tana tura jini da ƙarfin da ya kai 140/90 ko ya haura, sai ta yi kauri kamar damtsen maƙeri, sai dai kaurin nan ba ƙarfi ba ne, domin bangon yakan yi tauri har ɗakin ya kasa saki ya cika da jini yadda ya kamata. Daga nan hakin da kake yi ya fito.

Tef ɗin kuwa yana da dalili. Idan kitse ya taru a ciki, jiki yakan daina jin umarnin insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini, sai a riƙa samar da shi fiye da kima, shi kuma yana sa ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa. Kitsen da kansa yana fitar da wani sinadari, leftin, wanda sai a 1994 aka gano shi, kuma yawansa yana zuga jijiyoyin da ke ƙara bugun zuciya da matse hanyoyin jini. Ni dai shayin safe mai suga cokali huɗu na fara bari, kuma na fi kewarsa a kan kilishi.

Wata Hajiya, Arkilla:
Malam, nawa ya bambanta, domin ni ba ni da jiki. Magani kala uku nake sha, jinin bai sauka ba, ga ciwon ƙafa da kasala, sai gwaji ya nuna fotasiyom ɗina, wani sinadari da ke cikin jini, ya yi ƙasa. Ashe aldosteron ne ya yi yawa, sinadarin da wasu 'yan ƙulalai da ke saman ƙoda suke fitarwa, wanda bayan riƙe gishiri yakan bar tabo a cikin tsokar zuciya. Da aka ƙara mini sifironolakton sai abin ya daidaita. An kuma hana ni kanwa, wadda na sha kununta a kowane jego ban san ita ma gishiri ce ba. Yanzu gishirin yini bai wuce ƙaramin cokali ɗaya ba, wato giram 5, har da na dunƙulen miya.

Ɗan kasuwa, Gawon Nama:
Kuskurena shi ne na ajiye lisinofiril, maganin hawan jinin da nake sha, saboda busasshen tari da yake sa ni, ban gaya wa kowa ba har wata takwas. Da na koma aka sauya mini da losatan, tarin ya tafi, kuma hoton da aka sake bayan shekara ya nuna kaurin ya ragu kaɗan.

Malamin makaranta, Mabera:
Na gode, Allah ya ƙara lafiya. Hajiya, gwajin fotasiyom ɗin da azumi ake zuwa, ko zan iya karyawa? Ranar Talata zan koma.