Zunubin asali: me muka gada daga Adamu, laifinsa ko halinsa?

Rifkatu:

Salama gare ku 'yan'uwa. Ina roƙon masu ilimin tauhidi su warware mini wani ƙulli. Ezekiyel 18:20 ta ce wanda ya yi zunubi shi zai mutu, ɗa ba zai ɗauki laifin uba ba. Amma a Romawa 5:12 zuwa 19 Bulus ya ce ta wurin mutum ɗaya zunubi ya shigo duniya, kuma rashin biyayyar mutum ɗaya ya mai da mutane da yawa masu zunubi. To, me muka gada takamaimai? Jaririn da ya rasu kafin ya san dama da hagu fa, ina matsayinsa? Sannan mutumin kirki wanda bai yi kisa ba, bai yi sata ba, me ya sa aka ce shi ma dole sai ya sami ceto?

Malam Istifanus:

'Yar'uwa Rifkatu, inda ake yawan ruɗewa shi ne ana zuba abubuwa uku a tukunya ɗaya a kira su da suna ɗaya. Akwai mutuwa, akwai lalacewar hali, akwai kuma laifi, wato alhakin da ake tuhumar mutum da shi a gaban shari'a. Idan kika raba su, rabin tambayarki ta amsa kanta.

Mutuwa ba ta da gardama. A Farawa 2:17 an gargaɗi Adamu, a 3:19 aka yanke cewa ƙasa zai koma, a ƙarshen babin kuma aka tsare hanyar itacen rai. Hujjar Bulus a Romawa 5:14 a kan wannan ta tsaya: daga Adamu zuwa Musa mutuwa ta yi mulki har a kan waɗanda ba su karya wata doka bayyananniya irin ta Adamu ba. In haka ne, akwai abin da ya riga ayyukansu.

Lalacewar hali ita ce karkatar zuciya zuwa ga son kai tun kafin mutum ya aikata komai. Barewa ba ta yi gudu ɗanta ya yi rarrafe ba. Agustin, bishof na Hippo kuma babban malamin ikkilisiya na dā, ya rubuta cewa ya ga jariri wanda ko magana bai fara ba yana harar ɗan'uwansa da ke shan nono, fuskarsa ta canza don kishi. Ba wanda ya zaunar da yaron nan ya koya masa. Haka nan ba a koya wa yaro ya ce "ba ni ba ne" alhali abin yana hannunsa. Gaskiya ce ake shan wahalar koya masa.

Na ukun, laifi, shi ne wurin da ikkilisiyoyi suka rabu, kuma wani ɓangare na rabuwar ya samo asali daga fassara. Ƙarshen Romawa 5:12 a Helenanci yana da kalmomi biyu, "ef ho", waɗanda yawancin masana yau ke fassarawa "domin", wato mutuwa ta bi kowa domin kowa ya yi zunubi. Fassarar Latin da Agustin ya yi aiki da ita ta ce "in quo", ya kuma fahimce ta da "a cikinsa": duk mun yi zunubi a cikin Adamu. Kada dai a ɗauka koyarwar zunubin asali ta rushe don wannan, domin aya ta 18 da ta 19 sun faɗi abu mai nauyi ba tare da dogaro da waɗannan kalmomi ba.

Game da Ezekiyel, ki fara daga aya ta 2. Mutanen da aka kai bauta Babila suna ta maimaita karin magana cewa iyaye ne suka ci inabi mai tsami, haƙoran 'ya'ya suka mutu. Suna wanke kansu ke nan. Annabin ya ce a'a, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, kuma ya lissafa ayyuka: bautar gumaka, zalunci, cin riba, ƙwace. Maganarsa a kan ayyukan da uba ya yi da hannunsa ce. Bai taɓo tambayar me ya sa kowane ɗa, in ya girma, shi ma yakan faɗa zunubi ba. Wannan ita ce tambayar Bulus.

Dauda:

Malam Istifanus ya shimfiɗa tushe, bari in ƙara da tarihi domin a san wa ya ce me. Tun wajen shekara ta 180 Ireniyus, bishof na Liyon a ƙasar Faransa ta yanzu, ya koyar cewa Almasihu ya sake bin sawun Adamu ya gyara abin da ya ɓata. Amma rigimar da ta sa aka tsara koyarwar dalla-dalla ta Felajiyus ce, wani mai zuhudu daga Birtaniya da ya koyar a Roma. Damuwarsa mai kyau ce: ya ga Kiristoci suna fakewa da raunin ɗan Adam suna sheƙe ayarsu. Maganinsa ne ya wuce gona da iri. A 411 aka tuhumi almajirinsa Selestiyus a Kartaj, a ƙasar Tunisiya ta yanzu, da koyar da cewa Adamu zai mutu ko bai yi zunubi ba, zunubinsa shi kaɗai ya cuta, kuma jariri yana zuwa duniya a matsayin da Adamu yake kafin faɗuwa. Agustin, bishof na Hippo a ƙasar Aljeriya ta yanzu, wanda ya rayu daga 354 zuwa 430, shi ya tsaya a gaba wajen mai da martani. Taron bishof-bishof na Kartaj na 418 ya yi watsi da koyarwar Felajiyus, taron Afisa na 431 ya tabbatar da hukuncin. A 529 taron Oranj a kudancin Faransa ya rufe wata ƙofar: ko matakin farko na bangaskiya ma alherin Allah ne ke fara shi.

Daga nan hanyoyi suka rabu. Katolika, a taron Tirent na 1546, sun ce zunubin asali ta haihuwa yake bi, ba ta kwaikwayo ba, baftisma tana kawar da shi, amma muguwar sha'awa tana saura. Daga zunubi ta fito, zuwa zunubi take ja, sai dai ita kanta ba zunubi ba ce sai an biye mata. Katekisim ɗinsu na 1992 ya ce yanayi ne da aka tsinci kai a ciki, ba aiki ne da mutum ya aikata ba. Luteran, mabiya Martin Luta, a shaidar bangaskiyarsu ta Augsburg ta 1530, sun ce ana haifar mutum ba tsoron Allah, ba dogara gare shi, da muguwar sha'awa, kuma wannan zunubi ne na gaske. Mabiya Kalbin, ɗaya daga cikin jagororin Furotesta na farko, sun ƙara da cewa Adamu wakilin zuriyarsa ne, don haka an lissafa laifinsa a kansu, kamar yadda ake lissafa adalcin Almasihu a kan masu bi. Otodoks na gabas kuwa sun ce mutuwa da lalacewa muka gada, laifin na Adamu ne shi kaɗai.

Ga masu tattaunawa da 'yan'uwa Musulmi, a sani cewa nan akwai bambanci na asali. Alƙur'ani, a Baƙara aya ta 37, ya ce Adamu ya karɓi kalmomi daga Ubangijinsa aka karɓi tubarsa, kuma An'am 164 ta ce ba mai ɗaukar nauyin wani. In ba a fara bayyana cewa Kirista yana maganar yanayin zuciya ba, kowa zai yi ta magana ba mai jin wani.

Saratu:

Kan jarirai, 'yar'uwa, a yi hattara sosai, domin sau da yawa mai wannan tambaya uwa ce da ta binne ɗa. Babu ayar da ta yi bayanin makomarsu kai tsaye. Agustin ya ce jaririn da ya mutu ba baftisma yana ƙarƙashin hukunci, ko da yake mafi sauƙi duka. Malaman tsakiyar zamani suka kawo ra'ayin "limbo", wurin da babu azaba amma babu ganin Allah. Katolika ba su taɓa mai da shi aƙida ta dole ba, kuma a 2007 kwamitin masanan tauhidinsu na duniya ya ce akwai dalilai masu ƙarfi na sa zuciya cewa irin waɗannan jarirai sun sami ceto. Baptis da sauran masu yi wa manya kaɗai baftisma suna maganar shekarun sanin ya kamata, suna kafa hujja da Maimaitawar Shari'a 1:39, da maganar Dawuda a 2 Sama'ila 12:23 cewa shi zai tafi wurin yaronsa da ya mutu, da Markus 10:14. Ba su yanka wata shekara ba, domin Nassi bai yanka ba.

Abin lura shi ne, ba ɗaya daga cikinsu da ya ce jariri ya tsira don ba ya bukatar Mai Ceto. Cewa suke yi aikin Almasihu ya kai gare shi.

Kuskure ɗaya da nake son a daina: karanta Zabura 51:5 kamar kwanciyar aure ce zunubin, ko mahaifiyar Dawuda ce ta yi abin kunya. Dawuda yana faɗin zurfin matsalarsa ne, cewa ba ranar da ya ga Batsheba ta fara ba. An ba da umarnin a hayayyafa tun Farawa 1:28, kafin faɗuwa. Haka ma ɗora wa mata laifin duka saboda Hauwa'u. A Romawa 5 sunan Adamu Bulus ya kira.

Rifkatu:

Na gode ƙwarai, Malam Istifanus, Dauda da Yaya Saratu. Saura ta ukun: mutumin kirki.

Fasto Haruna:

'Yata, ma'aunin da muke auna kirki da shi maƙwabci ne, kuma a kan wannan ma'auni akwai mutanen kirki na gaske, cikin masu bi da waɗanda ba masu bi ba. Koyarwar ba ta musun haka. Ko masu cewa lalacewar ta game mutum gaba ɗaya ba sa nufin kowa ya kai maƙurar mugunta. Ki ɗiga kananzir kaɗan a randar ruwa: ruwan bai koma kananzir ba, amma duk kofin da kika ɗebo sai kin ji wari. Tunani, nufi, sha'awa, lamiri, ba inda abin bai taɓa ba, har cikin sadakarmu da addu'armu yakan shiga da son a gani a yaba.

Ma'aunin Allah kuwa yana Markus 12:30 da 31: ƙaunar Allah da dukan zuciya, da ƙaunar maƙwabci kamar kai. A Matiyu 5 Yesu ya kai kisa har ga fushi, ya kai zina har ga kallo. A Markus 7:21 ya ce daga cikin zuciya mugunta ke fitowa. Mutumin da kika kwatanta ya tsare hannunsa, madalla, amma zuciya fa?

Shi ya sa ceto yake da sassa, kowane sashe yana maganin wani ɓangare na cutar. Laifi, maganinsa barata: Allah ya yafe, ya karɓi mutum a matsayin mai adalci saboda mutuwar Almasihu da tashinsa (Romawa 3:23 zuwa 26, da 2 Korantiyawa 5:21). Wanda zai ɗauki nauyin wani dole ya zama ba shi da nasa, abin da Ibraniyawa 4:15 ke tabbatarwa ke nan. Lalacewar hali, maganinta sabuwar haihuwa ta Ruhu Mai Tsarki (Yahaya 3:3 zuwa 8, Titus 3:5), sai tsarkakewa ta biyo baya, wadda aikin tsawon rai ne. Mutuwa, maganinta tashin jiki, kuma wannan yana gaba (1 Korantiyawa 15:22). Abin da ake nema daga mutum tuba ne da bangaskiya, baftisma kuma ita ce ƙofar shiga jama'ar masu bi.

Ga inda abin ke lalacewa a koyarwa. Wani yakan yi wa'azin barata kaɗai, sai a sami mai bi da ke cewa an yafe masa amma halinsa na nan yadda yake. Romawa 6:1 da 2 ta riga ta amsa masa. Wani kuma yakan yi wa'azin gyaran hali kaɗai, azumi, zakka, daina giya, sai mutane su ɗauka da haka suke sayen karɓuwa. Wannan Felajiyus ne ya dawo ta taga, kuma Galatiyawa 2:21 ta ce in adalci ta shari'a yake samuwa, mutuwar Almasihu banza ce. Ki karanta Afisawa 2:8 zuwa 10 a jere: ta alheri, ta wurin bangaskiya, ba ta ayyuka ba, amma domin kyawawan ayyuka. Kan wannan jeri ne Katolika da Tarayyar Luteran ta Duniya suka sa hannu a sanarwar haɗin gwiwa a Augsburg ranar 31 ga Oktoba, 1999, ko da yake ba duk saɓani ne ya ƙare ba.

Na uku, wanda ya fi ba ni tausayi: sabon mai bi da aka gaya wa cewa jaraba ta ƙare daga ranar da ya tuba. Bayan wata biyu tsohuwar sha'awa ta taso, sai ya yanke cewa ceton nasa ƙarya ne. A nuna masa 1 Yahaya 1:8 da 9, da Romawa 7, inda Bulus ya ce nagartar da yake so ba ita yake yi ba.

Malam Istifanus:

Baba Fasto, na yarda da kai, sai dai a wuri ɗaya zan sa sharaɗi. Romawa 7:14 zuwa 25 ba a haɗu a kan wa ke magana ba. Yawancin iyayen ikkilisiya na Helenanci, wato manyan malamanta na farko, sun ɗauka mutum ne da ke ƙarƙashin shari'a kafin ya san Almasihu. Agustin da kansa da farko haka ya fahimta, daga baya ya canza ya ce Bulus mai bi ne ke magana, Luta da Kalbin suka bi shi a kan haka. Don ƙarfafa sabon mai bi, Galatiyawa 5:16 da 17 ta fi tsayawa da ƙafafunta, domin a can babu shakka da masu bi ake magana, kuma an ambaci Ruhu a cikin kokawar, abin da babu shi a waɗancan ayoyi na Romawa 7. In za a karanta masa Romawa 7 ɗin, kada a rufe littafin a aya ta 25, a wuce da shi babi na 8 aƙalla zuwa aya ta 13.