Neman shawara: na ajiye jami'a, ko kiredit ɗina za su koma kwaleji a ba ni ƙaramin digiri?

Maman Iman (Bronx):
Assalamu alaikum iyaye, yayye da ƙanne na wannan zaure. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san kan makarantun Amurka. Na fara karatu a wata kwalejin al'umma da ke ƙarƙashin CUNY, wato haɗakar jami'o'i da kwalejojin gwamnati na birnin New York, na tara kiredit 33 (kiredit shi ne ma'aunin kwasa-kwasan da ɗalibi ya ci), sai ɗokin digirin shekara huɗu ya ɗebe ni na koma wata jami'a mai zaman kanta a nan jihar New York, fannin kasuwanci. A can na samu kiredit 41. Da haihuwa ta zo, ga aiki ga kuɗin haya, sai na ajiye karatun.

Yanzu ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu. An buɗe gurbin aikin ofis a wurinmu, amma sai mai digirin asoshiyet, wato ƙaramin digiri na shekara biyu. Ni kuwa in ban da takardar sakandare ba ni da komai a hannu. Wata abokiyar aikina ta ce ana iya mayar da kiredit ɗin jami'a zuwa tsohuwar kwaleji a haɗa su a ba mutum digirin. Da gaske ne? Sannan jami'ar tana bi na ragowar kuɗin zangon ƙarshe, ina tsoron ba za su saki sakamakona ba.

Baban Sadik (Houston):
Wa alaikumus salam ƙanwata. Da gaske ne, kuma abu ne da aka daɗe ana yi. In kin je ofishin rajistara ki ce musu ribas tiransfa kike nema, nan take za su gane. Asoshiyet galibi kiredit 60 ne, babban digiri 120. Ke kina da 74, to a lissafi kin wuce. Sai dai ba jimilla kaɗai ake dubawa ba. Kowace kwaleji tana da adadin da dole a cikinta aka yi shi kafin ta sa sunanta a kan takarda. A jihohin kudu mafi ƙaranci shi ne kashi ɗaya cikin huɗu, wato 15. Mu nan Texas ma doka ce: wanda ya yi 30 a kwaleji, jimillarsa ta kai 66, jami'ar gwamnati za ta nemi izininsa ta aika da sakamakonsa zuwa kwalejin a duba. Ke da kike New York sai 'yan can su faɗa miki nasu.

Ɗan Zango (Bronx):
Yaya Maman Iman, kwalejojin CUNY da yawa 30 suke nema, BMCC, kwalejin al'umma ta Manhattan, ma haka take. Da 33 ɗinki kin tsallake, amma da ƙyar, shi ya sa nake so ki buɗe takardar sakamakonki ki ƙirga da kanki. Yawancinmu da muka zo daga Kumasi ko Yamai ko Kano an fara sa mu ajin gyaran Turanci da na share fagen lissafi. Waɗannan kwasa-kwasai an biya musu kuɗi, an zauna an yi jarrabawa, amma akasarinsu ba sa shiga lissafin digiri. Ki duba layin da ke nuna kiredit ɗin da kika ci, ba waɗanda kika yi rajista ba. In 33 ɗin duk na gaske ne, alhamdu lillahi.

Alhajin Columbus:
'Yata, ni ban ga dalilin komawa baya ba. Kin yi 74, saura 46 ki zama mai digiri cikakke. Ki daure ki ƙarasa. Wa zai bar jaki ya koma dukan taiki?

Anti Malama (ma'aikaciyar ofishin ɗalibai):
Baba Alhaji, a yi mini afuwa, amma ba komawa baya ba ne. Ba za ta rasa kiredit ko ɗaya a jami'ar ba, kwafin sakamako kawai ake aikawa. Ranar da ta shirya ƙarasa babban digirin, kayanta suna nan inda ta bar su, kuma riƙe asoshiyet yakan sauƙaƙa shiga wata jami'ar, musamman a cikin CUNY inda kwasa-kwasan bai-ɗaya na kiredit 30 suke bin ɗalibi duk inda ya koma.

Maman Iman, ga yadda za ki bi. Kada ki biya kuɗin rajistar ko kwas ɗaya tukuna. Ki fara neman jami'ar ta aika wa kwalejin takardar sakamakonki ta hukuma. Makarantu da yawa ta hannun National Student Clearinghouse, wata cibiya mai aika bayanan ɗalibai tsakanin makarantu, ake yin odar, a intanet, kuɗin ba shi da yawa. Sai kin ba da izini da kanki, domin dokar FERPA ta 1974 ta hana makaranta ta riƙa raba bayanan ɗalibi yadda ta ga dama. Daga nan ki nemi kwalejin ta yi miki tantancewar digiri, a jera abin da kika yi da abin da ake buƙata.

A nan ne mutane suke shan mamaki. Kwas ɗin da aka ci da ƙasa da C yawanci ba ya ƙetarawa daga wata makaranta. Kwasa-kwasan aji uku da aji huɗu na jami'a kuwa sau da yawa ba su da takwara a kwaleji, sai a jefa su cikin na zaɓi, kuma gurbin na zaɓi kaɗan ne. Sai ki ga mai kiredit 80 an ce masa saura kimiyya mai ɗakin gwaji ko kwas ɗin iya magana a gaban jama'a. Don haka ki ce a gwada miki da tsari fiye da ɗaya. In na kasuwanci ya ƙi cika, a duba AA, wato asoshiyet na gama-gari, shi ya fi karɓar kwasa-kwasai iri-iri. Tunda wurin aikinki asoshiyet kawai suka ce, ki tambaye su ko fannin ya dame su. Ki kuma tambayi kwalejin da ka'idojin wace shekara za a auna ki, na lokacin da kika shiga ko na yanzu, don sukan bambanta.

Batun bashi: tun 2022 jihar New York ta haramta wa makarantu riƙe takardar sakamako saboda bashi, har da masu zaman kansu. Bashin yana nan a wuyanki, ba a yafe ba, kuma za su iya hana ki sabuwar rajista a wurinsu. Ki je ku tsara biya kaɗan-kaɗan kafin a miƙa shi ga masu karɓar bashi.

Baban Sadik (Houston):
Ƙari a kan na Anti: asoshiyet ba ya yanke tallafin Pell, wato kuɗin karatu da gwamnatin tarayya ke bayarwa, babban digiri ne ke yanke shi. Amma Pell ɗin zango 12 ne na cikakken karatu a duk tsawon rayuwa, ki duba nawa kika ci. In ya zama sai kin koma aji, akwai ƙa'idar da ta ce tallafi yana tsayawa idan kiredit ɗin da aka gwada suka kai ninki ɗaya da rabi na tsarin, wato 90 a tsarin 60, kuma waɗanda aka karɓa daga jami'a suna cikin ƙirgen. In kwas ɗaya ne ya rage, ki tambaya ko suna karɓar jarrabawar CLEP, wadda ke ba da kiredit ba tare da zama aji ba, a madadinsa.

Ɗalibi daga Damagaram:
Don Allah mu masu bizar karatu ta F-1 fa, ya shafe mu?

Anti Malama:
Ƙanena, aika kwafin sakamako daban, barin jami'a ka koma kwaleji daban. Na biyun yana taɓa takardarka ta I-20, wadda bizar karatunka ta dogara a kanta, da rajistarka a SEVIS, kundin gwamnati na ɗaliban ƙasashen waje. Kada ka janye daga ko kwas ɗaya sai ka zauna da jami'in ɗaliban ƙasashen waje na makarantarku.

Maman Iman (Bronx):
Allah ya saka da alheri, ya raya zuri'a. Ɗan Zango, na duba: ajin gyaran Turancin da na yi daban aka rubuta shi da sifili, 33 ɗin duk cikakku ne. Akwai D ɗaya a lissafin ƙididdiga na jami'a, ina jin shi za a ce in maimaita. Baba Alhaji, in sha Allahu ban haƙura da babban digirin ba. Anti, na yi odar sakamakon yanzu, in tantancewar ta fito zan turo miki ta akwatin sirri ki duba mini kafin in sa hannu a komai.