Taya mai inci 35 a Jeep ɗina: in ɗaga motar, in yanka bodi, ko in ja ƙafar baya?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da Jeep Wrangler TJ ƙirar 2001, mai injin lita 4.0 da giyar hannu. Tayoyin da ke kanta masu inci 30 ne, ina so in koma 35, domin duk inda na shiga hanyar duwatsu sai tukunyar difaransha ta baya, wadda ke tsakiyar aksul, ta riƙa karo da dutse. An ba ni shawara iri biyu, kaina ya ɗaure. Wani ya ce in ɗaga motar inci 6, magana ta ƙare. Wani kuma ya ce in ja ƙafar baya ta ƙara nisa da ta gaba kamar inci 5, in yanka bodi. Motar nan ita nake hawa kullum, ita nake ɗaukar iyali. Ba na so in taɓa shasi in zo ina da-na-sani. Masu sani, ku taimaka.

Wani makanike:
Wa alaikumus salam Malam. Ka fara riƙe wannan: ɗaga mota ba ya ɗaga difaransha ko da ƙiris. Taya ce kaɗai ke nesanta ta da ƙasa, kuma rabin ƙarin da ka yi za ka samu. Daga 30 zuwa 35, inci biyu da rabi ke nan. Amfanin ɗagawa shi ne samar wa taya wurin motsi.

Inci 6 kuwa ya yi wa motarka yawa. Tsakanin ƙafar gaba da ta baya inci 93.4 ne kawai, gajeriya ce. In ka ɗaga nauyinta sama haka, a gefen tudu ko a kwana mai tsanani za ta riƙa neman kifewa, kuma kai da bakinka ka ce kana ɗaukar iyali.

Kafin ka sayi komai, ka ari taya ɗaya mai 35. A ɗora shasi a kan matokara, a cire sifirin, a sa jak a ɗaga aksul har ya daki robar da ke tare shi daga sama. Sai a murza sitiyari dama da hagu har ƙarshe. A ɗaga ɓangare ɗaya a saki ɗayan. Duk inda taya ta taɓa, a sa alli. Wannan allin ne zai gaya maka abin da za a yanka, ba kallon mota tana tsaye ba. Mota a tsaye ko wace taya za ta yi kamar ta shiga.

Wani da ya taɓa yin aikin:
Ni dai na ja tawa kuma na ji daɗinta. A hawan tudu mai tsayi gaban ya daina ɗagawa, farfelar baya ta ƙara tsawo don haka karkatarta ta ragu, gindin motar ma ya daina gugar ƙasa in na sauko daga dutse. Su kansu masu ƙera Jeep ai sun yi: LJ, wato doguwar Wrangler, da suka fito da ita a 2004 tazararta inci 103.4 ce, ƙarin inci 10 cif.

Sai dai ɗan'uwa, aikin ba na ja-ka-ɗaure ba ne. Tankin mai yana bayan aksul ɗin baya, yana matsawa zai same shi, dole a canza tanki ko a matsar da shi. Mazaunin sifirin, maƙalin shokozoba, sandar da ke hana aksul gocewa gefe, tiyon birki, wayar birkin hannu, farfela, duk sai sun bi. Sannan kwanarka za ta ƙara faɗi, cikin motar kuma zai fi saurin hawa kan ƙololuwar tudu.

Mai walda:
Maigida, kafin a yi maganar ja, ɗauki guduma ka ƙwanƙwasa shasin nan, musamman wajen da hannayen aksul na baya suka kama. Irin wannan motar tana cin tsatsa daga ciki a nan. In ka ji sautin ya mutu, ko ƙarfe ya lotsa, to gyaran shasi ne a gabanka ba ƙarin tsawo ba. Walda ba ta kama ruɓaɓɓen ƙarfe.

In za a yanka bodi, a yanka kaɗan a gwada, a ƙara. A naɗe bakin ko a sa masa ƙarfe a yi walda, don kaifin nan yana tsaga taya in ta danno. A rufe da fentin hana tsatsa ciki da waje. Kuma don Allah kada kowa ya kunna wuta tanki yana jikin mota.

Wani ɗan'uwa:
Duk kuna ta maganar wurin da taya za ta zauna, ba wanda ya tambayi abin da zai juya ta. Malam, leƙa ƙasa ka ga wane aksul ne a bayanka. Yawancin TJ da Dana 35 suka zo, wasu kaɗan da Dana 44. Dana 35 ba ya jure taya mai 35 a kan duwatsu, kuma ɗan ƙarfe ne mai siffar C ke riƙe sandarsa daga ciki. In sandar ta karye, taya na iya zarewa da ita gaba ɗaya. Ka duba kuma lambar haƙoran difaransha, tana kan wani ɗan falle da aka ɗaure a murfin tukunyar.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba: Dana 35 ne, lambar kuma 3.07. Shasi da sauran ƙarfinsa. Yanzu me ya kamata in fara?

Makaniken:
To, 3.07 da taya mai 35 wahala ce tsantsa. Giya ta biyar za ta zama ta ado, kuloci zai riƙa ƙonewa a tudu. Lissafin mai sauƙi ne: 3.07 sau 35, a raba da 30, ya ba ka wajen 3.58. Wannan mayar da kai inda kake yau ne kawai, ba a sa nauyin sabuwar taya ba. Shi ya sa masu 35 suke zuwa 4.56 ko 4.88. Kuma gaba da baya dole su zama lamba ɗaya, in ba haka ba ranar da ka sa fo-wil za su yi ta kokawa da juna. Agogon gudu ma zai yi maka ƙarya: yana nuna 100 kana kusan 117. Birki zai ragu, tun da babbar taya ta fi wuyar tsayarwa, sitiyari kuma zai ji jiki.

Game da ja, ga ra'ayina. In aka ɗaga wannan motar da gajerun hannayenta na asali, aksul yana matsowa tsakiya, shi ya sa tayar baya ke gugar gaban ramin da take zama a bodi. Hannaye masu ƙari da ragi za su mayar da ita tsakiyar rami ba tare da an taɓa shasi ba. Jan da kake buƙata ke nan. Na inci 5 an fi yi wa mai taya 37 ko sama, motar da ba a zuwa aiki da ita.

In ka nace a kan 35: ka fara da aksul ɗin baya mai ƙarfi da canjin haƙora, sai birki, sannan ɗagawa kamar inci 4 da ɗan ɗaga bodi daga kan shasi, ko ƙasa da haka in za ka yanka madigadi sosai. A gyara karkatar farfelar baya don kada ta riƙa karkarwa. In kuwa nauyin aikin ya yi yawa, 33 za ta ba ka inci ɗaya da rabi da ɗagawa kaɗan, haƙoran dai sai an canza.

Mai waldan:
Ƙari ɗaya. Ka tambayi dokar inda kake kafin ka yanka, wurare da yawa ba a yarda taya ta leƙo waje da madigadi ba, kuma ka sanar da masu inshora. Safayar ma kada ka rataya mai 35 a ƙofar baya haka nan, za ta karya maƙalan. A yi mata mariƙi a jikin bamba.